Shinkafar da Na Share wa Nasiru a Tsakiyar Teku

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. A bakin shagona na Tambuwal, a ƙofar masallaci, har wanda ya kawo rimot gyara sai ya jingina da benci ya ce, "Injiniya, yaya teku?" Ni kuma sai in ce ruwa ne mai yawa, in sauya magana. To amma Malam Bello na firamare ya riga ya tsinci wani ɓangaren labarin daga gidana, kuma ya fara yaɗa shi da ƙari. Gara in ba da shi da kaina, ko ba komai in rage ƙarin.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata ɗaura dishi da gyaran talabijin. Ban taɓa shiga makarantar injiniyoyi ba. Sunan ya same ni ne a kan rufin gidan wani kansila, ni kuwa ban musa ba. Na koyi aikin tun zamanin eriyar da ake ɗaurawa a kan gora, lokacin da babban maƙiyinmu shi ne ɗige-ɗigen nan masu cika fuskar talabijin, waɗanda muke kira shinkafa. Ba na sauka daga rufi sai hoto ya fito tas. Da wannan aka san ni daga Jabo har Dogon Daji, kuma ina taƙama da shi fiye da yadda ya kamata.

Dalilin tafiyar shi ne autanmu Nasiru. Ya yi karatun aikin jirgin ruwa can kudu, ya samu aiki a wani ƙaramin jirgin dakon kaya mai zirga-zirga tsakanin Kwatano da Lome da garuruwan gaba. Mahaifiyarmu, Inna, tana gidanmu na Kebbe, kuma ba ta taɓa yarda da aikin nan ba. Tana yarinya ruwa ya ci wanta Sambo a mashigin gulbi da damina, tun daga nan ko kwalekwale ba ta shiga. Da lokacin sabunta aikin Nasiru ya yi, sai ya ce ba zai sa hannu ba sai Inna ta yarda. Ita kuma ta aika aka kira ni. Da yake ni ne ɗan fari ba ta faɗin sunana.

"Kai babba," in ji ta, "ka tahi ka gano min wanga aiki nai da idonka. In ka ce da lahiya, shi zamna. In ka ce babu, shi komo gida."

Na amsa da ladabi, amma a zuciyata na riga na yanke hukunci tun kafin in nemi jaka. Gwiwata ta dama ta fara ƙin tsani, kuma na daɗe ina hango Nasiru a kan rufin mutane ni ina ƙasa ina ce masa ya ɗan karkata hagu. Wato alƙalin da Inna ta naɗa yana da nasa a cikin shari'ar.

Na shiga mota zuwa Jega, daga can muka nufi Bagudo. A gadar babban kogi na leƙa ta taga na ce wa na kusa da ni ai teku ma ba za ta wuce haka da yawa ba. Mutumin ɗan kasuwar albasa ne da ya saba zuwa Kwatano. Ya dube ni kawai ya ci gaba da cin gyaɗarsa.

A kan iyaka aka sauke mu aka shiga duba takardu da katin rigakafi. Jami'in ƙasar Benin ya yi min tambaya da Faransanci, direba ya fassara cewa sana'ata yake tambaya. Na ce Injiniya. Sai na ga fuskarsa ta washe, ya kamo hannuna ya zaga da ni bayan ofis. Na fara karanto duk addu'ar da na sani, ashe dishinsu ne iska ta karkatar, ga shi kuma za a yi ƙwallo da yamma. Na taka durom na juya musu shi, hoto ya fito tas, har wani ya sara min. Na koma mota ina jin cewa yanzu sunana ya ƙetare ƙasa. Ina ganin a nan ne kaina ya ƙarasa kumbura.

Daga nan muka bi ta Kandi zuwa Parakou. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kusan duk inda muka tsaya sai ka ji mai jin Hausa, sai dai tasu ta ɗan lanƙwashe. A Parakou na ci sakwara da wani cuku soyayye mai jan baya, ya yi min daɗi har na nemi ƙari. Burodinsu kuwa dogo ne kamar taɓarya, bayansa da tauri, na ɗauka kwanan shago ya yi na mayar wa mai shayi. Ya ce yanzu aka sauke shi daga wuta, haka ake son sa.

A Kwatano na sauka a Zango, unguwar Hausawa, gidan wani Alhaji Garba mutumin Jega wanda ɗan albasar nan ya haɗa ni da shi. Mutumin kirki ne, ya ba ni ɗaki kusa da rumbun albasa, har yau in na buɗe jakata sai idona ya kawo ruwa. 'Yan kabu-kabun garin duk riga rawaya suke sawa, mata kuma kowace da babur ɗinta, ta wuce ka da gudu ba ta ko waiwaye. Da aka kawo tuwo na tsoma hannu a miyar kuɓewa sai na ji wani abu mai ƙafafu. Ƙaguwa ce, sukutum. Alhaji Garba ya ce ai don girmama baƙo aka sa min babbar. Na yi godiya, na lallaɓa na tura ta gefen kwano na rufe ta da tuwo.

Washegari Nasiru ya zo ya ɗauke ni. Da na ga teku na tsaya ina neman ɗaya gaɓar, na daɗe ina nema. Nasiru ya sha wahala kafin kyaftin ɗinsu ya yarda in bi su zuwa Lome a matsayin baƙo, aka yi min takardu, aka cire min hula aka ɗora min ta kwano, aka zura min wata riga ruwan lemo a kan kaftanina. Kyaftin ɗin dattijo ne mutumin Gana, ya tsinci Hausa a Zangon garinsu. Ya riƙe hannuna ya ce, "Sannu, wan Nasiru. Ka duba komai da ido." Ni a lokacin na ɗauka maraba ce kawai yake yi min.

Bayan mun fita daga tasha Nasiru ya hau da ni ɗakin tuƙi, can saman jirgi. Gilashi ne ta ko'ina, ga wani matuƙi a tsaye riƙe da sitiyari ƙarami, ga kuma alluna biyu masu kama da talabijin. Nan take na ji na iso gida.

"Yaya, wagga ita ce rada," in ji shi. "Sandar da ka gani tana juyawa bisa rufi, ita ka aika saƙo ta jira shi komo. Dut abin da yad doka shina hitowa nan kamar ɗigo. Mu muna tsakiya."

Ya nuna min cewa ɗaya allon an saita shi ya hango nesa, don manyan jirage, ɗayan kuma kusa, don ƙananan abubuwa. Ya ja wani siririn layi daga tsakiya ya ɗora kan ɗigon wani jirgi. Ya ce in ɗigon ya riƙa gangarowa ta kan layin nan bai kauce ba, to ku biyu wuri guda za ku haɗu, sai a ɗauki mataki tun da nisa, domin jirgi ba ya da birki. In kuma kun yi gaba da gaba, kowa ya karkata damansa, ba sai an yi shawara ba. Na tuna mahaɗar tashar Tambuwal, inda kowane ɗan kabu-kabu ke karkata inda zuciyarsa ta ba shi sa'annan a sauko a yi shari'a.

Ina ta gyaɗa kai, amma idona yana kan allon kusa. Tsakiyarsa cike yake da shinkafa. Ɗige-ɗige ne suna fitowa suna ɓacewa, irin waɗanda in na bar su a talabijin ɗin mutum sai ya biyo ni shago. Na ce a raina ga abu na farko da zan kai wa Inna, mutanen nan ko na'urarsu ba sa iya gyarawa. Nasiru ya ɗora yatsa kan wasu maɓallai uku a ƙasan allon ya fara cewa, "Waɗanga kau, Yaya, su ne ba a..." Daidai nan jirgi ya hau wata igiyar ruwa ya sauko, cikina bai sauko tare da shi ba. Na fita da gudu na rungume ƙarfen baranda. Duk abin da ya faɗa game da maɓallan nan, teku ce ta ji, ita kuma na biya ta da burodin safe.

Na kwanta a ɗakin Nasiru har azahar. Na yi salla inda ya nuna min alƙibla, ina cikin yi na ji jirgi yana juyawa, na ƙarasa dai na bar wa Allah sauran. Da na ji ƙarfi na sake hawa sama. Ashe an yi ruwa mai ƙarfi ina kwance. Ya tsagaita, amma yayyafi da hazon ruwa sun rufe gaba, ko bakin jirgin da ƙyar ake gani. An rage gudu. Kyaftin ya sauka cin abinci ya bar wa Nasiru aiki, wani ma'aikaci yana waje cikin rigar ruwa yana dube-dube, matuƙi kuma idonsa na gaba.

Aka kira jirginmu ta rediyo. Nasiru ya juya teburin baya ya ɗauka, yana magana yana duba taswira. Ni kuma na samu kaina ni kaɗai a gaban allon kusa, shinkafa ta ma fi ta ɗazu.

Ba zan ce Shaiɗan ne ba, don kada in yi masa ƙage. Hannuna ne, wanda ya saba. Na murɗa maɓalli na farko, sai na ga shinkafar tsakiya tana narkewa. Daɗi ya kama ni. Na ƙara murɗawa, na taɓa na kusa da shi na rage. Allo ya yi baƙi wuluk, tas, babu ko ɗigo sai wani babban jirgi can gefe. Ko a gidan kansila ban taɓa fitar da aiki mai tsabta haka ba. Na bar hannuna a kan maɓallin ina murmushi, ina jira ƙanena ya juyo ya ga abin da wansa ya iya.

Ya juyo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Wa yat taɓa rada?"

Kafin in buɗe baki ya iso, ya buge min hannu. Bugu na gaske, har agogona ya juya. Yaron da na goya, wanda bai taɓa zama a kujera ina tsaye ba, ya ture ni da kafaɗa gaban mutane bai ko dube ni ba. Ya shiga mayar da maɓallan a hankali, shinkafata ta dawo. Ya sunkuya ya ƙura mata ido. Ni ma na duba, sai na ga abin da yake nema. Sauran ɗige-ɗigen suna fitowa nan su ɓace su fito can, amma akwai guda ɗaya, ƙarami, da ke dawowa wuri guda duk zagayen da sandar ta yi. Ya ɗora masa layin nan. Yana gabanmu sak, kuma ya kusa tsakiya.

Ya ba matuƙi umarni da Turanci da wata murya da ban san yana da ita ba, ya danna ƙaho. Ƙarar ta shiga min har haƙori. Jirgi ya fara karkata dama, amma a hankali, kamar saniya mai ciki. Na riƙe teburi. Sai ma'aikacin nan da ke waje ya yi ihu yana nuni, kwalekwale ya fito daga cikin hazo ta hagunmu.

Masunta ne, injinsu ya mutu. Ɗaya yana kwarfe ruwa da rabin jarka, ɗaya ya miƙe yana kaɗa riga. A baya akwai wani dattijo mai furfura riƙe da filafilin tuƙi, ya ɗaga kai ya dubi ɗakin tuƙi, kuma har gobe ina ganin kamar ni ya duba. Muka wuce su kusan a taɓa. Ruwan da jirgi ya tura ya ɗaga kwalekwalen ya jijjiga shi, amma bai kife ba. Na bi su da ido har hazo ya sake haɗiye su.

Sai da komai ya lafa Nasiru ya yi min magana, bai ɗaga murya ba. Ya ce shinkafar nan igiyoyin ruwa ne da yayyafi ke dawo da saƙon rada. Maɓallan na rage su ne, amma kwalekwalen katako ba ya fitowa da ƙarfi, girmansa a allo bai wuce ƙwayar shinkafar ba. In ka share ta duka, ka share shi tare da ita.

"Da gangan muka barin kaɗan, Yaya. In nig ga allo ya yi tas, tsoro nika ji."

Kyaftin ya hauro da cokali a hannu. Ya dubi allo, ya dubi Nasiru, ya tambayi abin da ya faru. Nasiru ya ce laifinsa ne, shi ya juya baya ya bar baƙo kusa da na'ura. Na ga aikin yaron nan yana shirin tafiya ba tare da na ko kai wa Inna rahoto ba, kuma abin mamaki, ni da na zo don haka sai na ji ba zan iya jurewa ba. Na tattaro ɗan Turancina da Hausa da hannu na ce ni ne, shi bai sani ba, ni na gyara. Kyaftin ya maimaita kalmar, "Ka gyara." Ya yi wa Nasiru faɗa mai zafi a kan juya bayan, Nasiru yana tsaye ƙiƙam. Da ya gama ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yi daidai da ya gano ɗigon. Ni kuma ya ce min, "Wan Nasiru, na ce da ido."

Sauran tafiyar a ɗakin girki na yi ta. Akwai wata 'yar talabijin a can, hotonta na rawa. Da kukun ya ga na kalle ta sai ya tashi ya lulluɓe ta da tawul.

A Lome Nasiru ya raka ni tasha. Ba mu yi maganar hannu ba, ni da shi. Da zan shiga mota ya ce, "Yaya, don Allah kak ka gaya ma Inna zancen kwalekwalen ga. In taj ji, ta gama." Na ce to. Duk tsawon hanyar dawowa ina juya abin. Ga rahoton da na je nema ya faɗo hannuna, in na ce mun kusa taka mutane a ruwa na yi shiru a nan, Nasiru ya dawo gida ya hau min tsani. Ban yi ƙarya ba kuma. Sai dai duk lokacin da na shirya maganar a bakina sai in ga dattijon nan na cikin kwalekwale ya ɗago kai.

Na isa Kebbe da la'asar, na tarar da Inna tana tsince wake a tsakar gida. Bayan gaisuwa ta ce, "To, mi ka gano?"

Na ce lafiya lau, aiki ne mai kyau, a bar shi.

Ta ci gaba da tsintar wakenta. "Kai da ko kasuwar Jabo kat tahi sai mun kwana muna jin labari, ka tahi har teku ka komo min da kalma biyu? Zamna da kyau."

Na gyara zama na faɗa mata duka, tun daga shinkafa har tawul ɗin kuku. Ban rage nawa ba. Da na zo wurin kwalekwale hannunta ya tsaya a cikin faifai.

"Sun kai gida?"

Na ce mun bar su a kan ruwa da ransu, Nasiru kuma ya sanar ta rediyo a kai musu ɗauki.

"Kuma ya buge maka hannu."

Na ce ya buge.

"Gaban mutane."

Na ce gaban mutane.

Ta ajiye faifan gefe. Na tabbata na kashe wa yaron nan aiki da bakina, bayan na yi masa alkawari. Can ta ce in kira mata shi. Na kira, na sa mata wayar a kunne don ba ta yarda ta riƙe da kanta.

"Auta," in ji ta, "ka roƙi wanka gahwara bisa hannu nai." Ta saurara, ta gyaɗa kai. Sa'annan muryarta ta sauya. "Ran da ruwa yac ci Sambo, akwai mutane bakin gulbi. Ba mai dubawa. Ka sa hannu ga takardarka. Ka zamna can ka riƙa duba ɗiyan mutane."

Ta ture wayar, ta goge ido da bakin mayafi, ta jawo faifanta. Ina jin muryar Nasiru a cikin wayar yana ta cewa Yaya ka yi haƙuri, ka yafe min.

To, masu tambaya, yadda teku take ke nan. Nasiru yana can a gaban allonsa mai shinkafa. Ni kuma in kun wuce kun hango mutum a kan rufi yana lallaɓa gwiwa yana saukowa tsani da baya, ku riƙe min tsanin, ni ne.